Aljihu Uku

Rigar Kawu aljihu uku gare ta, kamar rigar kowane magidanci: ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da ɗan ƙarami a ƙirji. Tun ina yaro nake ganin yana zura hannu cikinsu a rumfarsa ta hatsi da ke kasuwar Gummi, ban taɓa kawo komai a raina ba. Sai da na yi digiri a fannin kasuwanci, na dawo gida, na narkar da jarin mahaifiyata cikin wata bakwai, sannan na gane cewa kowane aljihu da irin kuɗin da ke shiga cikinsa, kuma a shekara talatin da 'yan kai hannun Kawu bai taɓa ɓatan kai ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai yi boko ba. Gero da dawa da masara da wake yake saye daga ƙauyukan Gummi da na Bukkuyum, ya tara, ya sayar wa masu awo a gari ko ya loda wa manyan 'yan kasuwa zuwa Kano. A jami'a an koya mana siffofin ɗan kasuwa mai nasara, mun haddace su kamar karatun allo saboda jarrabawa: hangen nesa, ƙirƙira, ƙarfin zuciyar shiga kasada, saurin cafke dama kafin wani ya riga ka. Misalan duk daga Amurka suke zuwa, sai a ƙarshe a ɗora sunan Aliko Ɗangote don kada a ce an manta da gida. Duk hutun da na dawo sai in auna Kawu da wannan ma'auni, in ga bai kai ba. Rumfa ɗaya tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, haja iri ɗaya, tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. A zuciyata na yanke masa hukunci: mutumin kirki ne, amma matsoraci.

Hujjata ta farko labarin zinariya ne. Ina ɗan shekara goma lokacin da haƙar zinariya ta haukata yankinmu. Farashinta ya tashi a kasuwar duniya, samari suka ajiye fartanya suka nufi ramuka a Bagega da Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Ana ɗebo dutse, a farfasa shi, a niƙa, a wanke garin a tsinci zinariya. Duk mai injin niƙa ya zama abin nema. Kawu yana da inji guda a wani ƙauye na Bukkuyum inda yake sayen hatsi, aka zo aka yi masa tayin haya da kuɗin da ya ninka abin da injin ke kawowa sau uku, ya ƙi. An ce abin da ya faɗa ke nan: "Gero, in na damƙa, na san na bana da na bara. Dutse ko, mi nis sani ciki nai?" Abokansa suka yi ta yi masa dariya, wasu cikinsu suka sayi babura da sababbin mata.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Dutsen cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi tsakar gidaje inda ake daka shi a turmin da ake daka hatsi, ta shiga abinci da hannayen yara masu rarrafe. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abin da ke kashe yara a waɗannan ƙauyuka, kuma waɗanda suka mutu sun kai 400. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Ba zan ce Kawu ya hango wannan ba, domin bai san dalma na kisa ba, kamar yadda iyayen yaran nan ba su sani ba. Talauci ne ya kai su, kuma babu mai bakin zarginsu. Abin da ya raba shi da masifar ɗabi'a ce kawai ta ƙin sa kuɗi inda idonsa bai iya tantance mai kyau da marar kyau ba. Duk da haka, a lissafina na ɗalibi, sai na ajiye abin a babin sa'a. Na ce matsoraci ma wata rana tsoronsa kan yi masa rana.

Hujjata ta biyu ta fi ƙarfi, don da idona na gani. A watan Satumba na 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. A lokacin Kawu yana riƙe da buhun dawa 200 da ya saya tun kaka da kuɗin wani Alhaji na kasuwar Dawanau ta Kano, bisa sharaɗin za su raba riba. Alhajin ya riga ya nemi a turo masa kayan kafin a katse layi. Kawu ya samu mota da ƙyar, lodi ya ja lokaci, ba ta tashi ba sai bayan la'asar. Ta wuce Daki Takwas, ta wuce Anka, ba ta kai Mayanci ba aka tare ta. Aka ƙone motar da kayan, aka shiga daji da direba da yaronsa, sai bayan makonni aka karɓo su da kuɗin da aka haɗa.

Babu waya, saboda haka Kawu ya shiga mota da kansa ya bi wannan hanyar da aka ƙone kayan har Kano, don ya faɗa wa mai dukiya baki da baki. Da ya dawo ya sa gonarsa ta fadama a kasuwa, gonar da ya gada a bakin gulbin Zamfara, wadda ake noman shinkafa da damina da albasa da rani. Na same shi da hujjoji. Na ce ko a fiƙihu, in dai ƙiradi aka ƙulla, asarar jari a kan mai jari take, shi mai juyawa wahalarsa ce kawai ta tafi a banza. Ya ce ya san wannan tun kafin a haife ni, amma malamai sun ce sai in babu sakaci. "Ni nic ce motata ba ta tashi bayan azahar, kowa ya san dokata ta. Kuma ni nit tashe ta bayan la'asar." Ya sayar da gonar, ya biya. Alhajin, kamar yadda na ji daga baya, bai ma nemi a biya shi duka ba. Na koma makaranta ina ba abokaina labarin a matsayin misalin yadda rashin ilimi ke sa mutum ya cuci kansa.

A ƙarshen 2022 na dawo gida da digirina, ina jiran kiran bautar ƙasa. Ban so in zauna ina hamma a majalisa ba, sai na yanke shawarar buɗe sana'ar POS a bakin tasha. Inna ce ta ba ni jari. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun da asuba ake jin ƙarar turminta, kuma da wannan turmi ta biya rabin kuɗin karatuna bayan rasuwar mahaifinmu. Ta ɗauki adashinta, ta sayar da raguna biyu da take kiwo, aka haɗa naira 400,000. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana ido cikin ido ba. Ta hannun ƙanwata ta aiko da kuɗin a ƙulle cikin ɗankwali, da saƙon cewa Allah ya sa albarka. Ba ta ce rance ba ne, ba ta ce kyauta ba ce. Na zaɓi fassarar da ta fi mini daɗi.

Wata guda da buɗewata dama ta faɗo, irin wadda littattafanmu suka ce a cafke. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su fito yadda za su wadata ba. Mutum na da dubu ɗari a asusu amma ba shi da ta sayen koko. A yanki irin namu, inda manomi da mai itace da mai nono ba su san wani abu tiransifa ba, tsabar kuɗi ta zama haja, kuma ni ina da rijiyarta. Kullum da yamma Kawu kan ba ni cinikin da ya tara, in tura masa daidai adadin a asusun da ya buɗe ba da son ransa ba, bai taɓa neman ko sisi a kai ba. Ni kuwa da safe sai in sayar. Na fara da naira 500 a kan dubu goma, na koma 1,000, kafin tsakiyar Fabrairu na kai 2,000. Layi har bakin titi. Na sayi babur, na sauya waya, na fara biya wa abokai shayi da tsire. A majalisa aka laƙaba mini Gwamnan Banki, ina jin daɗin sunan.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya zo daga wani ƙauyen Bukkuyum. Ɗansa da ke aikin ƙarfi a Legas ya turo masa naira 30,000 don a kai matarsa asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Na cire 6,000 na miƙa masa 24,000. Ya ƙirga sau biyu, ya dube ni, ya ce, "Yaro, ragi dai." Na ce masa haka farashi yake ko'ina, in bai yarda ba ya ba na bayansa wuri. Ya naɗe kuɗin ya tafi. Ban san daga wurina rumfar Kawu ya nufa ba, ban kuma san shekara ashirin ke nan yana kai masa gero ba.

Da magariba na je karɓar ciniki kamar kullum. Kawu bai ɗago ba, yana ɗaure bakin buhu. Ya ce, "Malam ɗan boko, wanga kuɗɗi da kaka saidawa, na wa na?" Na fara yi masa bayanin yadda ƙarancin abu ke ɗaga farashinsa. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Ni nib ba ka su don mutane su samu sauƙi, kai kas saida ma mutanena su. Tsohon ga, takardun da kab ba shi ma daga aljihuna sunka hito." Ya riga ya cika wa dattijon dubu shidansa. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin Inna ba. Daga ranar dai bai sake ba ni ko naira ba.

Ban rusuna ba. Na koma sayen tsabar kuɗi a wurin masu gidajen mai da masu shaguna da tsada, ina sayarwa da tsadar da ta fi. A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohi suka shigar, har da tamu Zamfara, cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Cikin 'yan makonni kuɗi suka dawo hannun jama'a, layina ya watse. Akwai wani yaro a gefena da ko a tsakiyar wahalar bai wuce naira 700 a kan dubu goma ba, kuma in kuɗinsa sun ƙare sai ya rufe ya tafi gida. A da ina yi masa kallon wawa. Yanzu mutane suna wuce teburina da sallama, su je su tsaya a nasa. Ana cikin haka wani mai shiga ta kamala ya nuna mini saƙon banki na bogi ya karɓi 85,000. Abokan shayi da suka ranci kuɗi suka daina biyowa ta tasha. Ran da na zauna na yi lissafi na gaskiya, wanda rabona da shi tun Janairu, abin da ya rage a hannuna 61,000 ne da babur. Ban ma iya cewa ga ranar da na fara cin uwar kuɗin ba, domin tun farko komai a jaka ɗaya nake zubawa: jarin Inna, da riba, da kuɗin mutanen da suka ba ni ajiya.

Da Inna za ta kira ni ta yi faɗa, da na samu sauƙi. Kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta tambaya ba, ni kuma na san ba za ta tambaya ba har abada. Kullum da asuba ina kwance ina jin turminta. Babbar salla ta zo, a karon farko cikin shekaru babu ragon da za ta sayar.

Bayan salla na je rumfar Kawu na durƙusa na ce ya ɗauke ni aiki. Ya ce ba shi da kujerar mai digiri, amma idonsa ya fara rauni, yana bukatar mai karanta masa littafi. Littafin na bashi ne, irin na 'yan firamare, an cika shi da ajami: sunan mutum da na ƙauyensu, abin da ya karɓa, ranar da ya yi alkawari. Watanni huɗu na yi a kan buhu kusa da shi kafin a kira ni bautar ƙasa, da na gama kuma can na dawo.

A makon farko na lura da aljihun. Wani ya kawo kuɗin Alhajin Dawanau, suka shiga dama. Mai awo ta biya kuɗin gero, ya ƙirga, mafi yawa ya sa a hagu, ya zare 'yan takardu ya sa a ƙirji. Almajiri ya yi bara, hannu ya tafi ƙirji. Aka aiko daga gida karɓar cefane, ƙirji. Manomi ya sauke wake, hagu. Da na tambaya sai ya yi mamakin tambayar, kamar na ce me ya sa ake alwala kafin salla. Na dama kuɗin mutane ne, ko gobara ake yi ba a taɓa su. Na hagu uwar kuɗi ce, ita ma ba tasa ba ce, ta rumfa ce. Hatsi take saye, hatsi kawai. Na ƙirji shi ne nasa. "Tela ya san abin da ya sa yay yi shi ƙarami," in ji shi. Ranar da na ƙirji ya wayi gari babu komai, gidan Kawu tuwo da miyar kuka ake ci ba nama, alhali aljihun hagu ya kumbura har yana jan rigar gefe guda. Matansa sun yi ƙorafi a kan wannan shekara da shekaru, kuma ban ga laifinsu ba.

Sauran halayensa duk daga wannan rabon suke tsirowa. Ɗan'uwa in ya zo rance, ba ya ba shi daga hagu. Yakan ba shi abin da ƙirji zai iya, ya ce kyauta ce, kada ya dawo da ita. Da yawa sun fita suna cewa marowaci ne, amma babu wanda yake sauya hanya in ya hango shi saboda nauyin bashi. Tiyarsa ɗaya ce, da ita yake saye da ita yake sayarwa, a kasuwar da kowa ya san wasu na ajiye biyu, mai zurfi ta karɓar na manomi da wadda aka bubbuga gindinta ta auna wa mai saye. Bashin da ke kansa kuwa yakan kai shi kwana ɗaya kafin ranar alkawari. Na taɓa ce masa ai ko ya bari sai ranar babu laifi. Ya ce in ka kai ranar, ka biya bashi; in ka kai kafin ranar, mai kuɗin ne zai riƙa nemanka.

Abin da na ɗauka tsoro ne a da, da na matso kusa sai na ga bincike ne. Kafin rana ta fito ya kira Dawanau da Gusau da Jega ya ji farashi. Yakan zauna da 'yan dako da direbobi fiye da yadda yake zama da Alhazai, don su suka san wace hanya ce ta yi kyau jiya, wane ƙauye ne aka hana girbi sai an biya 'yan bindiga, ina ne wake ya yi tsutsa. Ba ya sayen buhu sai ya soka hannu har gwiwar hannu ya ɗebo na ƙasa, ya tauna ƙwaya ya ji ko ta bushe. Yana shiga kasada, har mai girma, amma a kan abin da ya tauna. Sannan duk watan Sha'aban yakan rufe rumfa yini guda, a ƙirga kowane buhu, a yi masa kuɗi da farashin ranar, a haɗa da abin da ke hannu da bashin da ake sa ran karɓa, don a fitar da zakka, kashi ɗaya cikin 40. Shi ibada yake yi. Ni da na riƙe alƙalami a lissafin sai na ga ashe abin da muka yi zango guda muna koyo da sunan binciken ƙarshen shekara ne, kuma tun da ya fara kasuwa bai taɓa tsallake shi ba.

Alhajin Dawanau kuwa, tun kakar da ta biyo bayan ƙone motar ya ninka kuɗin da yake turo wa Kawu, ya kuma haɗa shi da wasu abokansa biyu. Babu takarda tsakaninsu, babu shaida. Gonar fadama ba ta dawo ba, wanda ya saya ya ƙi sayarwa, kuma na sha ganin Kawu ya yi shiru in mun bi ta gefenta. Amma yanzu na fahimci abin da ya saya da ita.

Wannan hali ba baƙo ba ne a garinmu. A wani littafi na masanin tarihi Paul Lovejoy, Caravans of Kola, wanda ya fito a 1980, na tarar da sunan Gummi, abin da ban taɓa zato ba. A ƙarni na 19 rukuni uku ne suka yi fice a fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari, kuma cibiyar waɗannan na ƙarshen Gummi ce kafin da yawansu su koma Kano. Ayari kan tashi da jakuna ƙarƙashin madugu, a yi watanni kafin a isa Salaga, a ƙasar Ghana ta yau, ɗauke da hajar mutanen da suka zauna a gida. Babu banki, babu waya, babu kotun da za ta bi mutum har can. Falken da ya haɗa kayan wani da nasa sau ɗaya yake yi, don labarinsa zai riga shi isowa gida. Alhassan Ɗantata, Ba'agale, daga wannan fatauci na goro ya taso kafin ya shiga gyaɗa, kuma ana ba da labarin cewa a 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa sulallansa ajiya. A aji raƙuman ake ba mu labari. Ba a cika tsayawa a kan shekarun da ya yi yana juya dukiya cikin tsimi da tsantseni kafin su taru ba.

Kada in mayar da Kawu waliyyi. Yana saye da araha lokacin kaka, sa'ad da manomi ke cikin matsin biki da biyan bashi, ya ajiye har farashi ya hau da damina, wani lokaci manomin da ya sayar masa shi ne zai dawo saye. Ya ce in bai ajiye ba wa zai ajiye, kuma yakan ranta wa irin waɗannan iri da na ci ba tare da ƙari ba; duk da haka raina bai gama kwanciya da abin ba. Babban aibinsa kuma shi ne komai a kansa yake. 'Ya'yansa maza uku babu wanda ya san nawa ke aljihun hagu. Shaguna nawa muka gani a Gummi da aka rufe bayan sadakar arba'in, aka raba jari gado, kowa ya cinye nasa cikin shekara? Ɗantata ya rasu a 1955, amma ya riga ya sa 'ya'yansa cikin harka, shi ya sa gidan ya kai har kan tattaɓa-kunnensa Ɗangote. A nan ne kawai nake jin karatuna yana da abin da zai ƙara wa Kawu. Na kwafe littafin ajami cikin kwamfuta, na lallashe shi har ya yarda babban ɗansa ya riƙa zama a lissafin Sha'aban. Ya yarda ne da sharaɗin littafin takarda shi ne na gaskiya, na kwamfuta ɗan rakiya.

Kuma ba zan yi wa kaina ƙarya cewa hali kaɗai ke kai mutum ba. Na san masu tiya biyu da suka gina benaye. Na san dattawa masu amana irin ta Kawu daga ƙauyukan Bukkuyum da Anka waɗanda aka kora daga gidajensu da dare, yanzu suna zaman gudun hijira, babu ko aljihu ɗaya da za su zura hannu. Ambaliyar da ta ci Gummi a daminar 2024 ba ta tambayi halin kowa ba kafin ta rushe masa ɗaki; mu ma ta jiƙa mana buhu 40. Abin da na gani da idona dai shi ne, ni da Kawu duk mun taɓa wayar gari babu jari. Shi mutane suka bi shi da kuɗinsu har rumfa. Ni kuwa da na nemi rancen dubu hamsin in sake tayar da teburina, duk tashar nan ban samu mai ba ni ba, kuma yawancinsu sun taɓa tsayawa a layina.

Dattijon nan na Bukkuyum yana zuwa har yanzu. Ranar da ya fara tarar da ni a rumfa na sunkuyar da kai, na auna masa gishirin da ya saya a maƙwabta na ɗaure masa a keke. Na tambayi mai jiki. Ya ce matar ɗan nasa ta tashi, jaririn ne bai zo da rai ba. Bai ce saboda dubu shida ba ne, Kawu ma ya cika masa a ranar, kuma likita ne kaɗai zai san dalili. Amma na kwana ina lissafin tsawon lokacin da ya ɓata tsakanin teburina da rumfar Kawu.

Na sayar da babur ɗin tun kafin in tafi bautar ƙasa. Daga alawus ɗina da ɗan kason da Kawu ke ba ni a kan wake, wanda yanzu ya bar mini sayensa a ƙauyuka biyu, nake biyan Inna kaɗan-kaɗan ta hannun ƙanwata. Karon farko ta dawo da kuɗin, ta ce ita ba ta bin kowa bashi. Kawu ne ya shiga ya yi mata magana a matsayinsa na wa, sannan ta fara karɓa. Zuwa watan jiya na biya 340,000, saura 60,000, ko da yake na san abin da 400,000 ta saya a 2022 ba za ta saya yau ba, kuma wannan ma wani lissafi ne da ke jirana.

Shekaranjiya da dare ƙanwata ta shigo ɗakina da ɗankwalin nan, a ƙulle kamar wancan karon. Ta ce Inna ta ce a faɗa wa wancan yaron gyaɗa ta yi tsada a gari, in zai shiga ƙauye ranar kasuwa ya dubo mata buhu ɗaya mai kyau, ya tauna kafin ya saya. Na kwance ɗankwalin na ƙirga kuɗin a gabanta, na rubuta adadin a littafi da kwanan wata, na ɗauko rigar da zan sa da safe na zuba su a aljihun dama.